Murhun Lantana

Iya, kakata ta wajen uba, ta daɗe da rasuwa, har na soma manta yadda muryarta take fita. Sai a ranin da ya wuce wata tsohuwa mai taurin kai, Gwaggo Hure, ta dawo mini da ita ba tare da ta san ta yi ba. Gwaggo Hure 'yar gudun hijira ce. Ta baro tungarsu da gudu tare da sauran matan garin, 'yarta ta fari ta ɓace a hanya, kuma tun da ta sauka a Makarfi ta ƙi kafa murhu. Mu kuwa aikin da muka sa a gaba, daga farkonsa har ƙarshensa na murhu ne. Amma bari in soma daga Likoro, don ni a can na fara sanin zancen wuta.

Gidanmu na Likoro babban gida ne, ga yara birjik. Murhun Iya yana can gefen rumbun dawa, daban da na iyayenmu mata, duwatsunsa uku sun yi baƙi ƙirin har suna sheƙi. Da an idar da sallar isha'i an suɗe kwanon tuwo, sai mu yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wurinta, kowa da guntun rakensa ko masarar da ya ɓoye tun da rana. In lokacin dafa mazarƙwaila ne, iska takan kwaso ƙamshin daga fadama ta kawo mana har tsakar gida, ya haɗu da hayaƙin karan dawar da Iya ke turawa. Har yau in na ji ƙamshin nan a kasuwar Makarfi sai in tsaya cak a tsakiyar mutane har wani ya ce Malama a ba mu hanya.

Wutar Iya ba ta mutuwa, wannan kowa ya sani a unguwarmu. Kafin ta kwanta takan binne guntun icen ƙirya a cikin toka, ta rufe da busasshen kashin shanu. Da asuba ta tone ta hura, sai ga jan garwashi. Gari bai gama wayewa ba matan maƙwabta sun fara aiko yara da tsingaro, wato ɓarin fasasshiyar tukunya, a ɗebo musu wuta. Akwai ashana fa a lokacin, kada ku ce a zamanin kakannin kakanni na tashi. Iya ce dai ta raina ta, tana kiranta tsinken malalata. Ran da babana ya kawo mata kwali guda daga kasuwar Kudan, ta karɓa hannu biyu, ta sa masa albarka, sannan ta riƙa sakace haƙori da ita har ta ƙare.

Maganarta ma daban ce. Akwai wani ja da take yi wa harshe irin na mutanen arewa can sama, mu kuwa marasa kunya sai mu koma bayan rumbu muna kwaikwayonta. In ta jiyo mu takan kira mu 'ya'yan kaji, ta ce yau babu tatsuniya, amma ban tuna ranar da ta cika wannan barazana ba. Sai ta gyara zama, ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Ga baƙuwa nan a ƙofa." Mu haɗa baki mu ce, "A shigo da ita, Iya."

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura, na 'yan ruwa, na sarakuna marasa wayo. Amma akwai guda wadda ba ma roƙo. Ita ce ke kawo ta da kanta, galibi ran da aka yi ruwa da yamma ƙasa na ƙamshi. Ita ce ta Dela.

Wai Dela yarinya ce ƙarama. Ruwa ya kwana yana zuba har ya kashe musu wuta. Da safe uwarta ta ɗora tukunya a kan murhu, ta miƙa mata tsingaro, ta ce ta je gidan da ke ƙetaren rafi ta ɗebo wuta, kada ta tsaya wasa. Dela ta je ta ɗebo. Da ta juyo sai ta tarar rafi ya kawo, ta zauna jiran ya janye, tana ciyar da garwashin da 'yan ƙirare. Ko da ta haye, gari ya tashi. Ba mutum, ba akuya, ba kaza. Tukunyar uwarta ce kaɗai zaune a kan murhu da ruwanta a ciki. In muka tambayi abin da ya tashe su, Iya takan ce abin da ke tayar da gari ne ya tashe su, mu yi shiru ta ci gaba.

Dela ta ga sawun mutane ya yi kudu, ta bi shi da tsingaronta a hannu. Iska ta tare ta, ta ce ta ba ta wutar ta je daji ta yi wasa da ita. Ruwan sama ya tare ta, ya ce ta kawo ya sanyaya mata, ai hannunta ya ƙone. Kowanne ya zo sai Dela ta kare garwashin da bakin zaninta ta yi masa waƙa. A nan Iya kan rage murya ta lumshe ido:

"Inna ta aike ni ɗiban wuta,
Na dawo ban tarar da ita ba.
Bi ta gefe, bi ta gefe,
Ta Inna ce, ba tawa ba ce."

Mu kuma mu yi ta amsa "bi ta gefe" muna buga cinya, bakinmu duk zaƙin rake, ba mu san me muke amsawa ba.

Haka ta yi ta tafiya har sawun ya ɓace mata a kan duwatsu. Ta isa wani gari da ruwa ya kashe wa wuta kaf, yara na kukan yunwa, mata sun yi tagumi a gaban tukwane. Da suka gan ta da garwashi suka yo kanta da roƙo. Ta ce a'a, aiko ta aka yi. Sai wata tsohuwa ta durƙusa daidai tsayinta, ta ce bari ta ɗiba kaɗan, in ta ragu za ta mayar mata. Ta sa kara ta ɗiba. Dela ta duba, wutarta na nan yadda take. Ranar duk garin aka ci tuwo. Suka riƙe ta, ta girma a cikinsu, ta yi aure, ta hayayyafa. Amma kullum da safe sai ta zuba sabon garwashi a tsingaron nan, ta fita ƙofar gari ta zauna. Duk baƙon da ya zo wucewa ta tambaye shi daga ina, ko ya haɗu da wata mata da ta baro tukunya a kan murhu.

Nan Iya ke tsayawa. Ta karkaɗe zani ta ce, "Baƙuwa ta gaji, a ba ta tabarma."

Kai, abin nan yana ƙona mana rai! Ni na fi kowa naci. Na ce to ta ga uwar tata ko ba ta gan ta ba? Iya ta ce tana nan tana jira. Na ce ai tatsuniya ba ta ƙarewa haka, ko ta kura ma ana faɗa mana inda ta kwana. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Hajara, ke dai baki gare ki. In ta ƙare zan faɗa miki." Daga nan ta soma binne wutarta, muka watse muna gunaguni.

Wata rana na gaji, na ƙulla mata ƙarshe da kaina. Na sa uwar ta zo a kan jaki, ta ga Dela a ƙofar gari ta yi furfura, ta ce mata, "Ke kuma ina kika tsaya tun ɗazu?" Da na kai wa Iya wannan ƙarshe tana tankaɗe, ta yi dariya har da hawaye, ta ce in adana shi a wurina, ya fi nata kyau. Amma ba ta taɓa sa shi a tatsuniyar ba.

Da hantsi Iya kan fita ƙofar gida da faifan daddawa, ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Cinikin ba wani ciniki ba ne. Baƙi ne damuwarta, musamman 'yan cin rani da ke gangarowa daga arewa aikin rake. Ba wanda zai wuce ba ta kira shi ta ba shi ruwa ba, sannan ta hau tambaya: daga ina, wane gari ne kusa da ku, su wa suka rage a can. Iyayenmu mata suna cewa Iya akwai son jin labari, ni ma haka na ɗauka. Na dai lura ba ta da dangi. Kowa na da ƙauyen da yake zuwa biki ko gaisuwar mutuwa, mahaifiyata tana da Paki, matar baffana tana da Malikanchi, Iya kuwa ba inda take zuwa. Na taɓa tambayarta sunan garinsu. Ta nuna arewa da haɓa, ta ce can ne inda ƙasa take fara. Na ce sunansa fa? Ta ce tana ƙarama sosai a lokacin, sannan ta tura ni in kore kaji daga shanyar barkono.

Shekaru suka shuɗe. Na yi aure a Makarfi, na koyar a firamare har na yi ritaya. Da matan nan suka iso daga wata tunga can yamma da 'yan bindiga suka tasa, aka sauke su a wasu ɗakuna a bayan gari, sai muka haɗa 'yar ƙungiya ta taimakon juna. Ba wani abin kirki muke da shi ba. Mukan haɗu mu yi saƙar faifai, mu haɗa sabulu, a yi hira. Wadda kuka ya zo mata ta yi abinta, ba mai ce mata ta yi haƙuri sai ta gama.

Ina da 'yar ƙanwa a Ikara, Rabi, wadda ta karanci zane a Zariya. Ita ta zo da maganar a yi wani aiki tare da za a baje wa jama'a su zo su gani, a wani tsohon siton auduga da aka ba mu aro. Da farko matan sun ɗauka ɗinki za a koya musu. Da ta ce a'a, so take su nuna wa mutane garin da suka baro, sai Talatu, wadda ta fi kowa baki a cikinsu, ta ce to sai a ɗauko mota a je a kwaso toka, don ita ce ta rage. Aka yi dariya irin wadda ba ta kai ciki. Rabi ta ce ai ba duk toka ce ta gobara ba, ta murhu fa? Shi ke nan hira ta ɓalle. Wance murhunta na ƙarƙashin tsamiya, wance nata hayaƙinsa har miji yake kora, wance kuwa ba ta taɓa kwana da wutarta ba, kullum sai ta aika ɗiba. Kafin la'asar aikin ya fito da kansa. Kowace mace za ta kafa murhunta a cikin siton, daidai inda gidanta yake a tungar, sannan a ja layin toka daga kowane murhu zuwa gidan da ake ɗebo masa wuta.

Muka sa aka kwaso duwatsu daga rafi a amalanke. Matan suka dube su suka ce ina, wa zai yarda murhu ne, duwatsu fes kamar an wanke su don biki? Kowace ta ɗauki ukunta ta kai ɗaki, ta yi ta girki a kai har suka yi baƙi, tana tara tokar a tsohon kwano. Aka zuba jar ƙasa a siton, aka yayyafa ruwa, aka daɓe ta da waƙa yadda ake yi wa ɗakin amarya. Tun da na san matan nan ban ga annashuwa a fuskarsu irin ta ranar daɓen ba. Talatu har da juyi, tana cewa a bar ta ta more, bayanta ya yi ciwon gobe.

Gwaggo Hure kullum tana zuwa, amma a bakin ƙofa take zama, hannu a cinya. Ba ta ɗauki dutse ko ɗaya ba. Tun zuwansu a tukunyar Talatu take ci. In aka ce ta kafa nata, sai ta ce ta baro tukunya a kan wuta a gida, ita ba ta ɗora biyu.

Talatu ce ta ba ni sauran labarin a hanyar famfo. Ranar da aka tashe su, Lantana, 'yar Gwaggo ta fari, tana gidan mijinta a ƙarshen tungar, wajen rafi. Wasu sun ce sun gan ta ta yi gabas da goyo, wasu sun ce ba ita ba ce. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Abin da ya fi ci wa matan rai shi ne Gwaggo ba ta iya ko tambaya. 'Yar fari ce, ita kuma tsohuwa ce mai riƙe da kunyar da ta gada. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Ran da aka kai Lantana ɗakin miji ma, Gwaggo tata ƙanwar ta tura ta kafa mata murhu, ita ta zauna a gida tana tsintar wake. In dole ta kama ta ambace ta, sai ta ce yarinyar can. Har bayan ɓacewar haka take cewa, in ma ta ce.

Don haka matan suka yanke shawara a tsakaninsu cewa ba za a kafa murhun Lantana ba. Waɗanda aka tabbatar sun rasu, 'yan uwansu sun kafa musu an kife ƙwarya a kai. Masu rai kowace ta kafa nata a buɗe. To Lantana fa? In an kife ƙwarya an kashe ta, in an bar shi buɗe an yi wa tsohuwa fami duk ranar da ta shigo. Suka ce a bar wurin kawai, kada ma a ta da zancen. Ni da Rabi muka ga ai sun fi mu sanin tsohuwarsu, muka bi.

Ni dai na sa wa raina sai Gwaggo ta kafa nata. Na lallashe ta, na tsokane ta, har na ce mata mu a Likoro tsohuwar da ba ta da murhu jikoki ba sa zuwa hira wurinta. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Malama, ke dai baki gare ki." Rabon da a faɗa mini haka da irin wannan murya tun ina yawo ba ɗankwali.

Ranar jan toka kowace ta durƙusa da kwanonta tana zubawa siriri, daga murhunta zuwa inda take ɗebo wuta. Ana ta musu ana dariya, wannan ta ce ita ba ta taɓa ɗiba a gidan waccan ba, wutar ɗanyen ice gare ta. Sai da aka miƙe aka ja da baya sannan muka ga abin da ya fito. Layukan kusan duka sun taru a wuri guda a tsakiyar garin, wurin kuma babu komai sai jar ƙasa. Gidan Gwaggo Hure ne. Ashe ita ce mai wutar da ba ta mutuwa a tungarsu. Rabi ta dafe baki. Talatu ta ce to ai dama kowa ya sani, sannan ta juya tana share ido da bakin mayafi.

Gwaggo ta taso daga bakin ƙofa. Ta shiga garin a hankali, tana ɗaga ƙafa kada ta taka layin kowa, tana duban murhu ɗaya bayan ɗaya. Ta zo filin gidanta ta tsaya. Na ce a raina to yau dai za ta ce a miƙo duwatsu. Ko ƙasan ba ta duba ba. Idonta na can ƙarshen siton, inda Rabi ta shimfiɗa shuɗin zane a madadin rafi.

"Garin nan bai cika ba," in ji ta.

Talatu ta ce mata a hankali ai kowa na nan.

"Kun kafa wa matattu, kun kafa wa masu rai. Ita kuma a ina kuka sa ta, da ba ta da ko wuri?"

Ashe duk zaman nan da take yi a bakin ƙofa, jira take wata ta tuna ta kafa, don ita bakinta ba zai iya roƙa ba. Mu muna ganin mun rufe mata ciwo, ita kuwa tana kallo ana share 'yarta daga gari a gaban idonta. Na ji kunya, na kuma ji tausayinta.

Ta karɓi kwanon toka daga hannun Talatu, tun da ita ba ta da tata. Ta durƙusa a filin gidanta ta soma zubawa. Layin ya fito a karkace, ya ratsa bayan gidajen mutane, ya yi ta tafiya har bakin rafi. Shi ya fi kowane layi tsawo. Talatu ta raɗa mini cewa haka Lantana ke yi kullum da safe, ta wuce gidaje masu wuta birjik da tsingaronta, ta ratso har tsakiyar tungar ta zo gidan uwarta. Ba sa hira. Ta durƙusa ta gaishe ta, uwar ta amsa tana kallon wani wuri, ta zaɓa mata garwashin da ya fi ja, ta tafi. Ganin da suke yi wa juna ke nan.

Gwaggo ta je wurin ragowar duwatsun, waɗanda ba a yi girki a kansu ba, ta zaɓi uku. Na yunƙura in taya ta ɗauka, Rabi ta riƙe mini hannu. Ta kafa na farko, ta murza shi har ya zauna. Ta kafa na biyu. Sannan ta zauna a kan dugaduganta, ta dube mu, ta ce da murya sarai:

"Nan ne gidan Lantana."

A cikin matan nan akwai waɗanda suka yi wasan ƙasa da Lantana, kuma babu wadda ta taɓa jin sunan a bakin uwarta. Wata ta fashe da kuka a bayana. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta sake faɗin sunan ƙasa-ƙasa, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Wata ta matso da ƙwarya a hannu, Gwaggo ta ce ta mayar da ƙwaryar nan inda ta ɗauko ta. Dutse na uku kuwa ta ɗora shi a ka, ta ce wannan a ɗakinta zai zauna, mai murhun ce za ta zo ta sa shi da hannunta.

Washegari aka ga hayaƙi a ƙofar ɗakin Gwaggo Hure. Talatu ta ce tana da ashana a ƙarƙashin matashi, amma ta nemo ɓarin tukunya ta je ta yi wa Gwaggo sallama ta ɗebo wuta. Kafin ranar buɗe aikin Gwaggo ta kawo duwatsunta uku, ba su gama yin baƙi ba, ta kafa su inda layukan suka taru ba tare da ta ce wa kowa komai ba.

Mutane sun zo daga Ikara, daga Kudan, daga ƙauyuka. Suna zagayawa ta gefe shiru, wasu matan na nuna wa 'ya'yansu yadda ake ɗiban wuta a da. Kusan kowa sai ya tsaya a bakin rafi ya tambayi murhun nan fari mai duwatsu biyu. Rabi takan ce ba a gama shi ba tukuna, ta wuce. Na fito shan iska, sai na tarar Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa da butar ruwa da kofi a gabanta. Duk wanda ya zo shiga ta ba shi ruwa, ta ce daga ina? Sannan ta ce ko ya ji labarin wata Lantana, doguwa, mai wushirya, da goyon namiji.

Na tsaya a nan na kasa gaba na kasa baya. Darbejiyar ƙofar gidanmu nake gani, da faifan daddawa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Dela tana koya mana kada mu hana maƙwabci wuta. Haka ma na koyar da ita a aji shekara da shekaru, da ƙarshena na jaki, yara na tafi. Sai a ƙofar siton nan na gane abin da Iya ke ba mu a dararen nan da ƙasa ke ƙamshin ruwa. Ban sani ba ko wuta aka aike ta ɗiba, ko ruwa, ko ba a aike ta ko'ina ba, yunwa ce kawai ta raba ta da nata. Ba wanda ya rage da zan tambaya. Abin da na sani, ta ba unguwa guda wuta har ta tsufa, ta haifi babana, ta yi dariya, ta yi sakace da ashana, kuma duk da haka kowane hantsi tana ƙofar gida. Ta ce in ta ƙare za ta faɗa mini. Ba ta faɗa ba, kuma yanzu na san dalili. Ina kewarta sosai. Da za a ba ni dare ɗaya a gefen rumbun nan, ba zan sake neman ƙarshe ba, zan dai matsa kusa da ita in taya ta tura kara.

Gwaggo ta ɗago ta gan ni tsaye. Ta zuba ruwa a kofi ta miƙo mini kamar yadda take yi wa kowa, ta ce, "Malama, ke ban taɓa tambayarki ba. Daga ina?"

Na ce daga Likoro. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa amma kakata daga arewa ta zo.

"Wane gari?"

"Ban sani ba, Gwaggo. Ita ma ba ta sani ba."

Sai ta janye butar, ta matsa gefe, ta share mini wuri a tabarmar da tafin hannunta.

"To zauna," in ji ta. "Ga wasu baƙi can suna tahowa. Ni in tambayi tawa, ke ki tambayi taki."